Kala a Bankunan Amurka: Masu Tsintar Tsofaffin Nikel Bayan An Daina Buga Kwabo

Ranar 12 ga Nuwamba, 2025, aka yi bikin buga kwabon Amurka na ƙarshe a gidan buga kuɗi na birnin Philadelphia. Sulen senti ɗaya ke nan, wanda ƙasar take bugawa tun 1793. Shugaba Donald Trump ne ya umarci Ma'aikatar Kuɗi ta dakatar da shi a watan Fabrairun shekarar, domin kowane ɗaya yana cin senti 3.69 kafin ya fito daga inji. Waɗanda ke hannun jama'a suna nan da darajarsu, sababbi ne dai ba za a ƙaro ba.

Da kwabo ya kauce, sai ido ya koma kan mai bi masa, wato sulen senti biyar da Amurkawa ke kira nikel. Tare da shi wata tsohuwar sana'ar nishaɗi ta sake fitowa fili: mutum ya je banki ya sayi sulalla kwali guda, ya kai gida ya zazzage, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman tsoho ko mai azurfa, sannan ya mayar wa banki sauran. Bidiyon masu yin haka ya cika YouTube da TikTok, wasu har da kanun cewa nikel ɗaya zai iya sayen gida. Wanda ke kallo daga nesa dole ya rikice. Shin da gaske akwai kuɗi a ciki? Doka ta yarda? Me ya sa nikel aka fi bi, ba senti goma ko senti 25 ba? Shi kansa nikel ɗin zai daɗe kuwa?

## Sule, naɗi da kwali

Nauyin nikel gram 5 ne. Kashi 75 cikin 100 na jikinsa jan ƙarfe ne, kashi 25 kuma wani farin ƙarfe mai suna nikel, wanda shi ya ba sulen sunansa duk da cewa shi ne kaɗan a ciki. An fara buga shi a 1866, kuma in ban da 'yan shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, haɗin bai taɓa canzawa ba.

Banki ba ya ajiye sulalla a warwatse. Ana naɗe guda 40 a takarda mai ratsin shuɗi, su zama kamar guntun rake, dala 2 ke nan. Naɗi 50 su ne kwali ɗaya: dala 100, sulalla 2,000, nauyin kilo 10. Naɗin iri biyu ne. Akwai wanda injin kamfanonin dakon kuɗi irin su Brink's da Loomis ya naɗe, bakinsa a murɗe tsaf. Akwai kuma wanda abokin hulɗar banki ya naɗe da hannunsa a gida ya kawo. Masu tsinta sun fi son na biyun, domin wataƙila daga asusun wani dattijo ya fito, wanda ya shekara arba'in yana jefa canji a kwalba.

Abubuwa uku ke sa sule ya fi darajar da aka rubuta a jikinsa. Na farko, ƙarfen da ke cikinsa. Na biyu, yawan da aka buga a wannan shekara a wannan gida, kuma ana gane gidan da ƙaramin harafi: P na Philadelphia, D na Denver, S na San Francisco. Na uku, lafiyar sulen, wato yadda zanensa ya tsira daga gogewa. Kamfanoni irin su PCGS da NGC suna auna wannan da maki daga 1 zuwa 70, su rufe sulen cikin roba, su karɓi ladansu. Tsufa kaɗai ba ya cikin ukun nan, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi ruɗewa.

## Yadda aikin yake a kan tebur

Mai tsinta yakan shimfiɗa tawul a tebur don kada sulallan su gangara, ya ajiye fitila da gilashin ƙara girma da ɗan maganaɗisu. Ya yage takardar, ya baje arba'in ɗin. In senti goma ne ko senti 25, kallon gefe ya isa, domin na azurfa fari ne fat, na zamani kuwa yana da jan layi a tsakiya. Nikel ba ya ba da wannan sauƙi. Gefensa sumul ne, launi ɗaya, dole a juya kowane ɗaya a duba shekara, a sake juyawa a duba baya. Kafin a kai naɗi na goma yatsu sun yi baƙi, ga ƙarnin ƙarfe a hannu. Maganaɗisun kuma na tsame sulallan Kanada ne da ke ɓuya a ciki, domin yawancin nasu suna mannewa, na Amurka ba sa yi.

Wanda ya ƙware yana gane tsohon sule tun kafin ya karanta shekararsa: zanen ya fi zurfi, launin ya dushe. Abin da ya yi kama da na ajiyewa a ture shi gefe, sauran a zuba a jaka. Sai a kai su wani banki dabam, ba wanda aka sayo ba, don kada mako mai zuwa a sake miƙo wa mutum abin da ya riga ya tankaɗe. Shi ya sa kowane mai wannan harka yake da banki biyu, na ɗauka da na zubarwa.

Kala ce dai, irin wadda ake yi a gona bayan an kwashe amfani. An riga an yi girbi tun shekaru sittin da suka wuce.

## Girbin 1965, da dalilin da nikel ya tsira

Har zuwa 1964, sulallan senti goma da senti 25 da rabin dala na Amurka kashi 90 cikin 100 azurfa ne. Farashin azurfa ya yi ta hawa har ya kai inda ƙarfen da ke cikin sule ya kamo darajar sulen. A 1965 majalisar dokoki ta cire azurfa daga senti goma da senti 25, ta rage ta rabin dala zuwa kashi 40, kafin a cire ta gaba ɗaya bayan 1970. Cikin 'yan shekaru tsofaffin suka ɓace daga kasuwa. Kowa ya ɓoye na azurfa, ya kashe sabon. Masana tattalin arziki suna kiran wannan ƙa'idar Gresham, amma duk wanda ya taɓa zaɓo yagaggiyar takardar kuɗi ya miƙa wa mai shago ya bar sabuwa a aljihu ya san ta.

Nikel ya tsallake wannan rairaya saboda babu abin kwaɗayi a jikinsa. Ga kuma zanensa: hoton Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, a gaba, da gidansa Monticello a baya, aikin wani mai sassaƙa ɗan asalin Jamus, Felix Schlag, wanda ya ci gasar zanen a 1938. Daga wannan shekara har 2003 kamanninsa ɗaya. An yi zane na musamman a 2004 da 2005, aka sake fuskar Jefferson a 2006, amma girma da nauyi da ƙarfe suna nan yadda suke. Nikel ɗin 1941 da na 2021 duk senti biyar ne a wurin injin ƙirga da wurin mai kanti. Babu wanda ke da dalilin ware su sai mai sha'awa. Wannan shi ne ginshiƙin harkar baki ɗaya: a cikin sulallan Amurka, nikel ne wanda har yanzu ake iya cin karo da ɗan shekara tamanin yana yawo cikin canji ba tare da an yi mamaki ba.

Akwai darasi ma a cikin shekarar 1964 kanta. A farkon shekarun 1960 ƙasar ta shiga ƙarancin sulalla, kuma shugabar hukumar buga kuɗi ta lokacin, Eva Adams, ta ɗora wani ɓangare na laifin a kan masu tara sulalla da 'yan kasuwar da ke ɓoye naɗi-naɗi suna jiran tsada. Don a karya musu kasuwa, aka ci gaba da buga shekarar 1964 a jikin sulalla har bayan ta wuce, aka kuma cire harafin gida daga 1965 zuwa 1967. Nikel masu ɗauke da 1964 sun kai kusan biliyan 2.8. Kusan kowane kwali yana da su da dama. Sun haura shekara sittin, amma wanda ya sha yawo a cikinsu senti biyar ne, ba ƙari.

## Abin da ake nema

Babban abin farauta shi ne nikel ɗin yaƙi. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfen nikel ya zama kayan soja, ana ƙarfafa sulken tankoki da shi. Daga kakar 1942 zuwa ƙarshen 1945 aka buga sulen da wani haɗi dabam: jan ƙarfe kashi 56, azurfa kashi 35, manganis kashi 9. An zaɓi haɗin ne yadda injinan sayar da kaya za su ci gaba da karɓarsa. Alamarsa a bayyane take: babban harafi, P ko D ko S, a saman ƙubbar Monticello. Wannan ne karo na farko da harafin P ya bayyana a sulen Amurka. A lura, shekarar 1942 tana da iri biyu, kuma wanda ba shi da babban harafi ba shi da azurfa. Idan ya tsufa yakan yi duhu, toka-toka mai ɗan kore, har wanda bai sani ba ya ɗauka datti ne.

Kowane ɗaya yana ɗauke da azurfa gram 1.75, wato kimanin 0.056 na oza, ma'aunin da ake sayar da azurfa da shi. In oza tana dala 30, azurfarsa ta kai dala 1.69. In ta kai dala 50, kamar yadda ta haura a watan Oktoban 2025, ya zama dala 2.81. Ga wanda ya saye shi senti biyar, ninki ne fiye da hamsin.

Sai nikel mai ɓauna, wanda aka buga daga 1913 zuwa 1938, zanen James Earle Fraser: fuskar ɗan asalin Amurka a gaba, ɓaunar daji a baya. Da yawa suna ganin babu sulen ƙasar da ya kai shi kyau, amma yana da aibu. An ɗora shekarar a kan tudun kafaɗa, inda yatsa ke gogawa, sai ta shafe da wuri. Galibin waɗanda ake tsinta yau ba su da shekara, darajarsu kaɗan ce. Akwai wani ruwa mai cin ƙarfe da ake ɗigawa shekarar ta fito, sai dai yana barin tabo, kuma masu saye suna rage farashi sosai saboda shi. Wanda ya gabace shi, mai harafin V a baya, na 1883 zuwa 1912, shi ma yakan ɓullo jefi-jefi, a goge kamar dutsen rafi.

A cikin na Jefferson, shekarun da aka buga kaɗan su ake bi. Na 1950 mai harafin D shi ne mafi ƙaranci, guda 2,630,030 kacal. Labarinsa yana koyar da abu game da kasuwa. Tun a shekarar labari ya bazu cewa kaɗan aka buga, 'yan kasuwa suka kwashe su jaka-jaka kafin su shiga hannun jama'a. Sakamakon haka, sabo fil yana samuwa a shagon dillalai cikin sauƙi, a naɗin banki kuwa da wuya a gan shi. Na 1939 mai D, wanda aka buga kimanin miliyan 3.5, bai samu wannan gata ba, ya shiga gari ya goge, don haka mai lafiya a cikinsu ya fi tsada. Akwai kuma na 1938 masu D da S, da na 1939 mai S. Na kusa-kusan nan shi ne 2009, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, buƙatar canji ta ragu, gidajen Philadelphia da Denver suka buga ƙasa da miliyan 90 a haɗe.

Rukuni na ƙarshe shi ne masu kuskure. Mafi shahara shi ne ɓauna mai ƙafa uku ta 1937 daga Denver, inda ma'aikaci ya goge hatimin bugawa fiye da kima har ƙafar gaba ɗaya ta ɓace. Har jabu yana da masoya. A shekarun 1950 wani mutumin jihar New Jersey, Francis Henning, ya buga nikel na ƙarya masu yawa. Asirinsa ya tonu ne saboda ya sa 1944 ba tare da babban harafin nan ba, alhali duk na gaskiya na shekarar suna da shi. An kama shi a 1955, yau kuma masu tarawa suna biyan kuɗi don su mallaki aikinsa.

## Ina maganar miliyoyin ta fito?

Tana da tushe. Akwai nikel mai harafin V da ke ɗauke da shekarar 1913, shekarar da a hukumance an riga an koma zanen ɓauna. Guda biyar kawai aka sani, kuma babu su a littafin hukuma. A 2018 an sayar da mafi lafiyarsu a gwanjo kan dala miliyan 4.56. Sai dai duk biyar ɗin an san inda suke: biyu a gidajen tarihi, uku a hannun masu kuɗi. Babu ɗaya da ke yawo.

Amfani da wannan sule wajen jan hankali ma ba sabon abu ba ne. A shekarun 1930, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, wani dillali a Fort Worth ta jihar Texas, B. Max Mehl, ya cika jaridu da rediyo da tallar cewa zai biya dala 50 ga duk wanda ya kawo masa irinsa. Ba a kawo ko ɗaya ba, amma mutane ba adadi suka fara duba canjinsu, suka kuma sayi littafin farashin da yake sayarwa. Kanun bidiyo na yau dabarar Mehl ce a sabuwar riga. Mai bidiyon yana samun kuɗinsa daga yawan masu kallo, ba daga abin da ke cikin kwalin ba, kuma ba kasafai yake nuna kwalayen da ya buɗe bai samu komai ba.

## Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Abin da ke jan mutane shi ne uwar kuɗi ba ta salwanta. An ba da dala 100, an karɓi dala 100. In ba a samu komai ba, a mayar. Ta wannan fuskar ta bambanta da caca.

Amma a yi lissafi. A ɗauka mutum ya yi sa'a, kwalinsa ya ba shi nikel ɗin yaƙi biyu da ɓauna ɗaya maras shekara. In azurfa tana dala 50, abin bai kai dala bakwai ba a takarda, kuma dillali ba zai biya cikakken farashin ƙarfe ba, domin tace azurfa daga haɗin da ke da manganis yana da wahala. A cire kuɗin mai na zuwa banki biyu, a auna da awannin da aka kashe ana juya sulalla 2,000. Ko mafi ƙarancin albashi na tarayya, dala 7.25 a awa, ya fi wannan. In kuma aka rasa bankin zubarwa aka koma ga injin ƙirga sulalla na kamfanin Coinstar da ke manyan kantuna, wanda ke cire fiye da kashi 10 cikin 100 ga mai son tsabar kuɗi, an shiga asara kai tsaye.

Saboda haka a matsayin sana'a, lissafin bai fita ba. Waɗanda suka daɗe a ciki ba don wannan suke yi ba. Burinsu su cike littafin kwali mai ramuka, rami ɗaya ga kowace shekara da kowane harafi daga 1938, ba tare da sun sayi ko ɗaya a shago ba. A jerin Jefferson wannan abu ne mai yiwuwa, ko da zai ɗauki shekaru. Tsintar dami a kala ma takan faru, idan magada suka kwashe sulallan da mamaci ya tara suka kai banki ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Kuskure ɗaya da ke jawo wa sababbi asara shi ne wanke sule. Goge shi da toka ko man goge ƙarfe yana barin ƙananan zane da gilashi ke nunawa, darajarsa ta zube. Masu saye sun fi son tsohon launinsa yadda yake.

## Abin da doka ta ce

Sayen sulalla a banki, duba su, ajiye wasu da sayar da su sama da darajarsu duk halal ne a dokar Amurka. Abin da aka hana shi ne narkarwa. A watan Disamban 2006, da farashin jan ƙarfe da nikel ya tashi har ƙarfen da ke cikin sule ya fi senti biyar, hukumar buga kuɗi ta haramta narkar da kwabo da nikel, ta tabbatar da dokar a 2007. Hukuncin ya kai tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyun. An ware nikel ɗin yaƙi daga wannan hani.

Dokar ta taɓa fitarwa waje ma, kuma wannan ya shafi duk matafiyi. Mai barin Amurka ba zai ɗauki kwabo da nikel da suka wuce dala 5 ba, wato nikel ɗari, sai in a fili yake don tarawa ko nishaɗin kansa ne, nan an yarda masa har dala 25. Ana iya aikawa da na dala 100 a ƙunshi guda in don tarawa ne ko kashewa. Mai tunanin cika akwati da su ya kawo wa maƙera gida ya san ya taka doka.

Hanin bai hana ajiya ba. A 2011 labari ya bazu cewa wani mai juya hannun jari a Texas, Kyle Bass, ya sayi nikel miliyan 20, na dala miliyan ɗaya, ya adana. Hujjarsa ita ce ba za su taɓa faɗuwa ƙasa da senti biyar ba, in kuma wata rana aka canza ƙarfen aka ɗage hanin, zai ci riba kamar yadda masu ɓoye azurfa suka ci bayan 1965.

## Banki da mai tsinta

A nan ne ake samun saɓani. Mai tsinta yana cewa shi abokin hulɗa ne, kuɗin ƙasa ya nema da kuɗin ƙasa, kuma yana ceto kayan tarihi daga gogewa. Banki kuwa yana cewa kowane kwali yana biyan kamfanin dako kafin ya iso, yana sake biya idan aka dawo da su a ƙirga a naɗe, ga ma'aikacin kanta da zai ɗaga kilo goma-goma alhali layi na jira, duk ba tare da ribar ko sisi ba. Babu dokar da ta tilasta wa banki ya yi odar sulalla don mai sha'awa. Shi ya sa wasu suka sa kuɗin hidima, wasu suka taƙaita adadi, wasu suka kwashe injinan ƙirga daga rassansu. A 2020, lokacin annobar korona, da zagayawar sulalla ta tsaya har Babban Bankin Amurka ya koma rabon su da awo, rassa da yawa sun daina ba kowa sai 'yan kasuwa.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma nauyin kuɗin a kan banki yake. Harkar tana tafiya ne da alfarma, kuma wanda ya zubar da kwali biyar a ƙaramin reshe ranar Juma'a da yamma yana rufe ƙofar ga na bayansa.

## Makomar nikel

A shekarar kuɗi ta 2024, buga nikel ɗaya da rarraba shi ya ci senti 13.78. Asarar kusan senti tara ke nan a kan kowane, ninki uku na asarar kwabo. Abin da ya sa kwabo ya fi ɗaukar hankali shi ne yawa: an fitar da fiye da biliyan uku a shekarar, asararsu ta kai kimanin dala miliyan 85, ta nikel kuwa ba ta kai miliyan 18 ba saboda kaɗan aka buga. Ma'aikatar Kuɗi ta ce dakatar da kwabo zai rage kashe dala miliyan 56 a shekara.

Masu adawa da matakin, ciki har da ƙungiyar Americans for Common Cents, sun ce an gudu ne ba a tsira ba: in babu kwabo za a ƙara buƙatar nikel, asararsa kuma za ta cinye abin da aka tsimi. Ya kamata mai karatu ya sani cewa kamfanin da ke sayar wa gwamnati tutiyar yin kwabo yana tallafa wa ƙungiyar, sai dai hakan bai soke lissafin ba. Masu goyon baya suna amsawa da cewa amfani da tsabar kuɗi raguwa yake yi, kuma maganin tsadar nikel shi ne a canza ƙarfensa, ba a riƙe kwabo ba.

Hanyoyi uku ne a gaba. A bar shi yadda yake a ci gaba da asara. A canza haɗinsa zuwa mai araha, abin da ke buƙatar amincewar majalisa, kuma masu injinan sayar da kaya suna tsoronsa saboda injinansu suna gane sule ne ta nauyi da yadda ƙarfensa ke amsa lantarki. Ko a soke shi shi ma, wanda ya fi wuya, domin muddin akwai senti 25 ana buƙatar senti biyar wajen ba da canji.

## Wa abin zai taɓa

Mai biya da kati ba abin da ya canza masa, ana cire masa daidai har senti. Mai biya da tsabar kuɗi ne ake cike wa lissafi zuwa biyar mafi kusa. Tsarin da Kanada ta bi tun 2013 shi ne jimillar da ta ƙare da 1 ko 2 ta sauka zuwa sifili, 3 da 4 da 6 da 7 su koma 5, 8 da 9 su hau zuwa 10. A Amurka an daina buga kwabo ba tare da dokar tarayya kan wannan ba, sai kowane kanti ya bi tasa hanya, wasu suna rage wa mai saye don gudun ƙara. Masu bincike a reshen Babban Banki na Richmond sun ƙiyasta cewa cikon zai ci masu saye kimanin dala miliyan 6 a shekara, amma in aka soke nikel ma zai kusa miliyan 56. Masu ƙaramin ƙarfi, tsofaffi da waɗanda ba su da asusun banki su suka fi riƙe tsaba, don haka su ne a gaba. Mutanen Najeriya sun san ƙarshen wannan hanya: Babban Banki ya fito da sulallan kobo 50, naira 1 da naira 2 a 2007, ba su zauna a kasuwa ba, farashi kuma ya koma tsalle daga takarda zuwa takarda.

Ga masu tsinta, abin na iya zuwa ta fuska biyu. In buƙata ta sa aka ƙara buga sababbin nikel, za su cika kwalaye, tsofaffin su ƙara nitsewa. In kuma ƙarancin canji ya sa mutane suka fasa asusu suka kai banki, tsofaffin da suka kwanta shekaru za su fito.

Babban sauyi zai zo ne ranar da aka taɓa ƙarfen. Daga ranar, duk nikel da aka buga tun 1946 zai zama tsohon haɗi mai tsada kusa da sabo mai araha, yanayin 1965 ke nan. Kanada ta riga ta bi ta nan. Ta koma sulallan baƙin ƙarfe mai rufi a wajajen 2000, daga baya gidan buga kuɗinta ya kafa shirin tsame tsofaffin da inji yayin da suke ratsa cibiyoyin ƙirga, yana narkar da su yana sayar da ƙarfen. Injin yana auna haɗin ƙarfe ne kawai, ba ya karanta shekara ko harafi.